Yadda zaka haɗa samfurin dashbod na farashin hatsi, ka gwada shi a hannun mutane kafin ka ɓata lokaci wajen ginawa

Dashbod shafi ne da ke nuna alƙaluma a zane, Power BI kuma ɗaya ce daga cikin manhajojin haɗa shi. Yawancin dashbod ɗin da matasanmu ke ɗorawa a LinkedIn bayan sun gama kwas ɗin Power BI kyau kam akwai shi, launi kala-kala, ga taswira, ga manyan lambobi a sama, amma ka miƙa wa wanda aka ce dominsa aka yi, minti biyu bazai yi ba zai dawo maka da wayarka yace "kai yayi kyau wallahi" alhali ko tambaya ɗaya bai amsa da shi ba. Maganin wannan shine ka fara da samfuri mai arha wanda bazaka ji zafin yaga shi ba, ka sa a hannun mutane, ka yi shiru ka kalli inda zasu rikice. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: shafin da ke nuna yadda farashin gero da dawa da masara ke hawa da sauka a kasuwannin arewa, wanda mutum zai iya latsawa ya zaɓi kaya da kasuwa.

Da farko, waye zai duba, kuma me yake nema

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ɗauki biro ka rubuta mutum ɗaya, ba "jama'a" ba. A ce sakataren ƙungiyar manoma ne da membobi ke tambayarsa ko su sayar yanzu ko su ajiye, ko ɗan jarida a gidan rediyo mai shirin kasuwa, ko matar da ke saye wa makarantar kwana abinci. Waɗannan ukun ba abu ɗaya suke nema ba, in kace zaka gamsar da su duka a fuska ɗaya to babu wanda zai gamsu. Mu ɗauki sakataren. Ka same shi ko ka kira shi, kuma kada ka tambaye shi "wane irin dashbod kake so", bai sani ba kuma ba aikinsa bane ya sani. Tambaye shi yaushe rabon da wani ya tambaye shi maganar farashi, me aka tambaya, a ina ya samo amsa. Daga hirar zaka fito da tambayoyi uku, kamar haka: a wane wata gero yafi araha kuma a wane yafi tsada, wace kasuwa tafi tsada a yanzu, sannan bana da bara wanne yafi. Rubuta su da manyan baƙi ka manna a gabanka. Duk abin da zaka saka a shafin in baya amsa ɗaya daga cikin ukun nan, waje.

Alƙaluman

Ga farashin abinci akwai wurare biyu da zaka fara. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton farashin wasu kayan abinci wata-wata, amma nata a matakin jiha da shiyya yake. In kasuwa-kasuwa kake so, je shafin HDX na Majalisar Ɗinkin Duniya ka sauke fayil ɗin farashin abinci na Najeriya na hukumar abinci ta duniya, WFP, kyauta ne, CSV ne, Excel ko Google Sheets zai buɗe shi. Akwai na Nijar ma. A ciki zaka ga kwanan wata, jiha, kasuwa, kaya, ma'auni, nau'in farashi da kuɗin, kuma zaka ci karo da sunaye irin su Dawanau, Jibia, Illela, Maiduguri, Potiskum.

Anan ne aikin gaske yake kuma anan mutane ke sauri. Ma'aunin ba ɗaya bane, wani layin buhu ne mai kilo 100, wani kilo 50, wani kilo ɗaya, in ka zuba su a zane ɗaya haka nan zaka ga layi yayi tsalle sama kamar an yi fari alhali ma'auni ne kawai ya canza. Buɗe sabon shafi ka mayar da komai farashin kilo ɗaya, misali in buhun kilo 100 naira 60,000 ne to kilo 600 kenan. Sannan raba farashin sari da na awo, kada su taɓa haɗuwa a layi ɗaya. Sai watannin da babu bayani, kuma suna da yawa, wasu kasuwannin ma zaka ga an daina kawo nasu gaba ɗaya daga wata shekara. Kada ka cike gurbin da sifili, sifili na nufin kyauta ake bayarwa. Bar shi fanko layin ya tsinke a wurin, mai kallo ya gani da idonsa cewa nan babu labari.

Wani abu kuma, sakataren nan ba da kilo yake tunani ba, da buhu da tiya yake tunani. To lissafinka a kilo, amma abin da zai gani a fuskar waya ya zama buhu. Mudu da tiya kam ka yi hattara da su tunda girmansu ya bambanta daga gari zuwa gari, in zaka saka to ka rubuta a ƙasa kilo nawa ka ɗauka a matsayin tiya ɗaya.

Wane zane

Tun 1984 wasu masana biyu, William Cleveland da Robert McGill, suka gwada mutane suka gano ido yafi iya kwatanta matsayin abu a kan ma'auni ɗaya, sai tsawo, sannan kusurwa da faɗi suna can baya. Wannan shine dalilin da yasa zanen nan mai zagaye kamar faifai da ake yankawa kashi-kashi yake wahalar karantawa, duk da shine kowa ke fara ɗauka. Ga tambayarmu ta farko da ta uku zanen layi ne, watanni a kwance, farashi a tsaye. Ga ta biyu zanen sanduna ne, kwantattu don sunayen kasuwanni su samu wuri a waya, a jere daga mafi tsada zuwa mafi araha ba bisa abacada ba. Sanda dole ta fara daga sifili, in ka faro ta daga sama ɗan bambancin naira dubu biyu zai zama kamar ninki. Layi shi ba dole bane.

Taswira zata ja hankalinka, na sani. Ka daure. Kasuwanni biyar ko shida ne, mutumin ya san inda Dawanau take fiye da kai, kuma a waya taswira cinye wuri take yi da data.

Akwai tarko guda da ya shafi farashin Najeriya musamman. In ka ja layi ɗaya daga 2019 zuwa yau, tashin farashi na shekarun baya-bayan nan zai danne komai, shekarun farko su kwanta a ƙasa kamar babu abin da ya faru a cikinsu, kuma saukar da ake samu lokacin kaka da hawan da ake yi in an shiga damina rumbu ya fara ƙarewa, wato ainihin abin da sakataren ke nema, duk zasu ɓace. Abin yi shine ka ɗora shekaru a kan juna, Janairu zuwa Disamba a kwance, kowace shekara da layinta, bana da kauri da launi mai ƙarfi, sauran da toka-toka. Ko ma ka fara shekarar daga Oktoba tunda shekarar manomi daga kaka take farawa. Kana iya ƙara maɓalli ɗaya da zai juya daga naira zuwa kashi nawa cikin ɗari farashi ya ƙaru tun daga kaka, amma wannan ka ɗauke shi a matsayin abin da gwaji zai yanke wa hukunci, mai yiwuwa ba wanda zai taɓa shi.

Ka kuma rubuta ɗan bayani a kan layin inda wani babban abu ya faru, kamar rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ka rubuta abin da ya faru da ranar kawai, kada kace shine ya jawo, zanenka bai tabbatar da haka ba.

Me za a latsa

Ben Shneiderman na jami'ar Maryland a Amurka yana da wata ƙa'ida tun 1996 da har yau ake bi: fara nuna hoton gaba ɗaya, sannan a bar mutum ya zuƙo ya tace, sannan bayani dalla-dalla in ya nema. A aikace ma'anarta shine da an buɗe shafi, kafin a taɓa komai, ya zama akwai amsa a gaban mutum. Kada ya tarar da fanko ana ce masa "zaɓi kasuwa". Buɗe masa da gero a Dawanau, bana da bara, da take a sama wanda jimla ce cikakkiya mai faɗin abin da zanen ke nunawa. Mutane da yawa bazasu latsa komai ba har su fita, to wannan fuskar farkon ita ce rabin aikinka.

Abin tacewa biyu sun isa, kaya da kasuwa. Kaya uku ne kacal don haka ka jera su a fili a matsayin maɓallai uku, kada ka ɓoye su cikin jerin da sai an latsa yake saukowa. Kuma ka tuna a waya babu linzamin kwamfuta, wannan ɗan akwatin bayanin da ke fitowa in ka ɗora kibiya a kan layi, a waya sai an taɓa daidai wurin, kuma babu wanda zai san ana taɓawa. Duk lambar da ke da muhimmanci ka rubuta ta a jikin zanen. Sunan kowane layi ma ka rubuta a ƙarshen layin, kada ka sa mutum ya riƙa kai ido ƙasa yana neman wane launi ne wane. Girman maɓalli, Google na bada shawarar kada ya gaza 48 a ma'auninsu na Android, Apple kuma 44, a taƙaice dai babban yatsan dattijo ya iya taɓawa ba tare da ya haɗa da na kusa ba. Sai maɓallin komawa farko, saboda wanda ya ɓata ya samu hanyar dawowa.

Launi kada ya wuce uku ko huɗu, kuma kada ka dogara da ja da kore kaɗai wajen nuna hawa da sauka, akwai mutanen da idonsu baya bambance su, galibi maza, kuma da yawansu basu ma san suna da matsalar ba. Haɗa da kibiya ko alamar ƙari da ragi. Shafin ColorBrewer zai baka jerin launuka da aka tace don wannan. Rubutu kuma ƙa'idar WCAG, wato ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, tace bambancin haskensa da bango ya kai 4.5 zuwa 1, wannan ba ƙa'idar ofis bace kawai, fita da wayar tsakar rana ka duba zaka gane.

Samfurin kansa

Na farko a takarda. Yanke kwali daidai girman waya, zana fuskar farko, sannan zana abin da zai fito in an taɓa kowane maɓalli a wata takardar daban. Mutum zai taɓa da yatsa kai kuma ka canza masa takarda, kai ne kwamfutar. Abin dariya ne a ido amma yana aiki, kuma yana da wata fa'ida babba a wurinmu: mutum in yaga zanen biro baya jin nauyin ce maka bai gane ba, amma in yaga abu ya sha kwalliya sai kara ta hana shi, yana ganin ka sha wahala.

Na biyu a waya da alƙaluman gaske. Mutane da yawa Figma suke tafiya, wato manhajar zana fuskar shafi, kuma tana da kyau wajen tsara inda komai zai zauna, sai dai a Figma layin da hannu zaka zana shi, zai fito sumul, babu tsinkewa babu tsalle, alhali na gaske ba haka yake ba kuma rikicewar mutane a wurin tsinkewar da tsallen take. Ni shawarata ka zuba fayil ɗinka a Flourish ko Datawrapper ko Looker Studio, shafukan da ke mayar da alƙaluma zane, dukkansu akwai na kyauta kuma basa buƙatar kod, wato rubuta wa kwamfuta umarni, su baka linki ka tura ta WhatsApp. Tableau Public ma yana yi amma ka sani abin da ka wallafa a can kowa na iya gani, to banda bayanan sirri na ƙungiya. D3 da sauran kayan masu kod ka bari sai ka tabbatar da me zaka gina. Kafin ka fita, buɗe linkin a ƙaramar Tecno ko itel ta wani, da data ba wayfai ba, ka ga daƙiƙa nawa yake ɗauka.

Gwajin

Mutum biyar. Jakob Nielsen ya yi bayanin wannan a shekarar 2000, bisa lissafin da suka yi da Thomas Landauer, cewa mutum biyar na fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma gara ka yi zagaye uku na biyar-biyar kana gyarawa a tsakani da ka tara sha biyar lokaci ɗaya. Sharaɗin shine su zama irin mutanen da ka yi abin dominsu. Abokanka na wurin koyon kwamfuta basa ciki, sun saba da zane, zasu wuce ta kan ramin da sakataren zai faɗa. In masu amfanin iri biyu ne to uku ko huɗu daga kowane ɓangare.

Je ka same su a inda suke, ɗaya bayan ɗaya ba a taro ba, don a taro babba ne zai yi magana sauran su gyaɗa kai. Kada ka je wa ɗan kasuwa ana tsakiyar ciniki. In matan aure ne a cikin gida to mace ta jagoranci zaman. Ku je ku biyu, ɗaya na magana ɗaya na rubutu, kuma in da hali wanda bai zana abin ba shi zai yi maganar, saboda mai zane baya iya haƙuri. Nemi izini kafin ka naɗi murya ko fuskar wayar, faɗa masa me za a yi da shi, kada ka rubuta sunansa a takarda, sa masa lamba. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 a Najeriya, kuma ko babu doka haƙƙinsa ne. Ka tanadi ɗan kati ko kuɗin mota na lokacin da ka ci masa.

Buɗewar kamar haka: "Alhaji, wannan abu muke gwadawa, ba kai ake gwadawa ba. Duk inda ka tsaya laifin abin ne, kuma wurin muka zo nema. Don Allah duk abin da ya zo maka a rai ka faɗa da baki, ko da kana ganin ba komai bane."

Fara da nuna masa fuskar farko na daƙiƙa biyar, kife wayar, ka tambaye shi me ya gani, maganar me ake yi. In bai ce farashin gero ba to takenka da fuskar farkonka basu yi ba, tun daga nan ka samu gyara na ɗaya.

Sai ayyuka, uku zuwa biyar, kowanne a matsayin labari ba umarni ba. Kada kace "latsa masara ka zaɓi Jibia", ka riga ka bashi amsa. Ce masa "wani memba yana da buhun masara ashirin, yana tambaya ko ya sayar yanzu ko ya jira, duba nan ka gaya min me zaka ce masa". Ko "a bara wane wata ne gero yafi tsada". Ka riga ka rubuta amsar daidai a takardarka kafin ka zo.

Daga nan kuma sai shiru, wanda shine mafi wuya. Zai kalle ka yace "nan zan taɓa?" kace "a ganinka me zai faru in ka taɓa?" Zai yi shiru yana kallon waya, ka ƙirga goma a zuciyarka kafin kace "me kake tunani yanzu, Malam?" Hannunka zai yi ta ƙaiƙayi ka nuna masa, zauna a kansa. In ya kai minti biyu ko uku yana lalube kuma ka ga ya fara jin kunya, ce masa "madalla, wannan ya taimaka mana sosai" ku wuce na gaba, ka rubuta bai samu ba.

Mai rubutu ya ja layi huɗu ga kowane aiki: ya gama ko bai gama ba, amsar da ya bayar, inda ya tsaya, da kalmomin da ya furta yadda ya furta su. Layi na biyun nan ne ya bambanta gwajin zanen alƙaluma da gwajin manhaja ta yau da kullum. A manhajar banki in mutum ya tura kuɗi an gama. Anan kuwa yana iya latsa komai daidai, zane ya fito daidai, ya karanta shi a karkace, ya ɗauki layin bara a matsayin na bana ko ya ɗauki farashin kilo a matsayin na tiya, kuma ya faɗi amsar da cikakken tabbaci. Wannan yafi wanda ya kasa haɗari nesa ba kusa ba, domin wanda ya kasa zai je ya tambayi wani, shi kuwa wannan zai je ya gaya wa manoma su sayar. Saboda haka bayan kowace amsa ka tambaye shi "a ina ka ga hakan, nuna min da yatsa". Kalmominsa kuma su zaka mayar kan maɓallan, in duk su biyar "sari" suke cewa kai kuma ka rubuta wata doguwar Hausar boko, tasu ce daidai.

"Ya ka ga abin, yayi kyau?" kada ma ka yi wannan tambayar, amsar ka santa. In kana son jin ra'ayi a ƙarshe tambaye shi wane wuri ne yafi bashi wahala, da kuma in da za a cire abu ɗaya wanne zai cire.

Bayan an dawo

A ranar ku zauna ku biyu kafin ku manta. Kowace matsala a layinta, da mutum nawa cikin biyar ta kama. Jera su ba bisa yawa kaɗai ba: wadda ta sa aka bada amsar kuskure ita ce a sama ko da mutum ɗaya ta kama, sai wadda ta hana gama aiki, sai wadda ta jawo jinkiri kawai, ƙorafin launi da ado a can ƙasa. Ɗauki uku na sama ka gyara, kuma kafin ka ƙara rubutun bayani ko wani sabon maɓalli fara tambayar kanka ko cire wani abu zai magance ta, sau da yawa layukan shekaru shida da ka jibga ne matsalar, biyu sun isa. Maɓallin da babu wanda ya taɓa cikin su biyar, ko dai basu gan shi ba ko basa buƙatarsa, a zagaye na gaba ka bada aikin da sai da shi za a iya, in an gan shi kuma an yi amfani da shi ya zauna, in ba haka ba ya tafi.

Akwai wata takardar tambayoyi goma ta auna sauƙin amfani da ake kira SUS wadda John Brooke ya fitar a 1986, ana bada maki daga 0 zuwa 100 kuma ana ɗaukar 68 a matsayin matsakaici. Masu bada tallafi na son ganinta a rahoto. Da mutum biyar dai lambar bata da nauyin da za a jingina da ita, kuma kada ka rubuta "kashi 80 na masu amfani" alhali mutum huɗu kake nufi, rubuta huɗu cikin biyar.

Zagaye na biyu da sababbin mutane biyar zaka yi, na farkon sun riga sun koyi hanya. Ayyukan su zama iri ɗaya don ka iya kwatantawa. In an zo zagayen da babu wanda ya bada amsar kuskure, kuma abin da ya rage ƙananan ƙorafe-ƙorafe ne, to lokacin ne zaka buɗe Power BI ko ka kira mai kod, ka bashi samfurin da takardar matsalolin da aka gano tare, ka kuma rubuta a ƙasan shafin daga ina alƙaluman suka fito da watan ƙarshe da aka sabunta su.